Wace sanda zan saya don wankin gilashin bene mai hawa uku?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Na samu aikin wankin gilashin wani ofis a Wuse 2, hawa uku har da na ƙasa, sau biyu a wata. Shekara huɗu ke nan da tsani nake aiki, ni da yara biyu. Ranar Talatar da ta wuce ƙafar tsanin ta zame a kan tayil, yarona yana can sama da bokiti a hannu. Allah ne ya sa ya cafki ƙarfen taga. Na tsaya a ƙasa ina kallon tafin ƙafarsa yana neman matakala bai samu ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin ɗan yayata ne, amana aka ba ni. Na yanke shawarar sayen doguwar sandar nan mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Na duba intanet na ga ta alminiyom, ta faiba, ta kabon, da wata mai gauraye. Bambancin kuɗinsu ya ruɗa ni, wata ta ninka wata sau biyar. Wacce ce za ta yi min aiki ba tare da na karya jarina ba?

Baba Mai Tsani: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ya kiyaye gaba. Ɗana, kafin a yi maganar wacce, gaya mana da me za ka yi wankin. Waifa za ka ɗaura a kanta, ko buroshi mai fesa ruwa ta cikin tiyo? Sana'a biyu ce daban, kuma sandar kowacce daban.

Abban Sadiq: Baba, da waifa na saba. Amma na ga na buroshin a bidiyo, yana da sauri.

Baba Mai Tsani: To ka ji. Waifa a kan sanda tana aiki lafiya zuwa hawa na biyu, mita biyar ko shida. Da ka wuce nan hannunka ba ya iya danna robar daidai a jikin gilashi, sai ta riƙa barin layi-layi, kuma ba ka da yadda za ka goge kusurwa da tsumma. Ni a nan Kano sandar alminiyom nake amfani da ita, irin wadda masu fenti ke ɗaura rola, a Kofar Ruwa na saya. Ta yi min shekaru. Amma ban taɓa kai ta hawa na uku ba, kuma ba zan ce ka kai ta ba.

Nura Manchester: Salam. Oga Abban Sadiq, sannu da wannan firgici. Wannan ita ce sana'ata a nan Ingila shekara bakwai, bari in faɗi abin da hannuna ya sani.

A nan da wuya ka ga mai wankin taga a kan tsani kamar da. Tun da aka yi dokar aiki a wuri mai tsawo a 2005, wadda ta ce in akwai hanyar yin aikin daga ƙasa to kada a hau, mutane suka koma sanda mai ruwa. Kana tsaye a ƙasa, famfo yana tura ruwa ta siririn tiyo zuwa buroshi, ka goge, ka ɗauraye, ka wuce. Ba sabulu, ba waifa.

Game da sanda kuwa, abu biyu ake saya da kuɗin: rashin nauyi da rashin lanƙwasa. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci, kuma shi ne mutane ba sa ganewa sai sun saya. Alminiyom tana da ƙarfi amma in ta yi tsawo nauyinta ba ya ɗaukuwa, kuma in ta lotsa a gaɓa ɗaya ba ta ƙara shigewa. Faiba tana da araha, amma da ka buɗe ta ta wuce mita shida sai ta koma kamar sandar kamun kifi, kai ka tura dama, kan buroshin ya tafi hagu. Mai gauraye, wato kabon da faiba a haɗe, tana tsakiya. Kabon zalla ita ce mai tsada, kuma ita ce ke tsayawa ƙyam. A nan galibi Gardiner muke riƙewa, kamfanin Cornwall ne, suna da CLX mai gauraye da SLX ta kabon zalla. Akwai kuma nLite ta Unger, kamfanin Jamus. Don hawa uku, ni dai kabon zan ce.

Maman Ilham: Malam Nura, da fam kake karɓar kuɗin aikinka, shi da naira. Ka lissafa kuɗin sandar, ka ƙara na jirgi, ka ƙara na kwastan. Kuma abu mai tsawo ba a caji shi da nauyinsa kawai, ana duba girman kwalinsa. Aikin sau biyu ne a wata. Wata nawa zai yi yana wanke ginin nan kafin ya fanshi sandar?

Nura Manchester: Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Amma kafaɗa ma jari ce. Na fara da ta faiba saboda araha, wata takwas na yi da ita. Har yau in sanyi ya shigo sai kafaɗata ta dama ta tuna min. Gwada wannan a gida: ki ɗaura ƙaramar gorar ruwa a kan doguwar gora, ki ɗaga ta a karkace na minti biyu. Nauyin da ba komai ba ne a tafin hannu, a can ƙarshen mita tara wani abu ne daban. Shi ya sa ma buroshi mara nauyi yake da muhimmanci kamar sandar kanta.

Maman Ilham: Kai kullum kake riƙe da ita daga safe zuwa yamma, gida ashirin ko fiye. Shi kuwa hawan ƙarshe kawai zai yi da ita, awa biyu ko uku, sau biyu a wata. Ba ɗaya ba ne. Abban Sadiq, ga abin da nake yi da ma'aikatana. Sanda biyu muke da ita. Gajeriya ta alminiyom da waifa, ita ke cin yawancin aiki, shaguna, filaza, gidaje, hawa ɗaya da biyu. Doguwar mai gauraye ce, tana ajiye, sai an zo babban gini ake fito da ita. Kuskuren da na fara yi shi ne sayen doguwa guda ɗaya wai ta yi min komai. Yarinyar da ke wanke hawan ƙasa tana jan gaɓoɓi bakwai a rufe don ta goge tagar da hannu ma yake kusan kaiwa. Ta gaji a banza, sandar kuma ta riƙa cinyewa a banza.

Injiniya Sani: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ba mai wankin gilashi ba ne, aikin wuta nake yi, ƙanena ne ya sa ni a wannan zaure. Na karanta har nan ban ga wanda ya ambaci wayar wuta ba, kuma hankalina ya tashi.

Kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Alminiyom yana ɗaukar wuta. Faiba a bushe ba ta ɗauka, amma ku ba a bushe kuke aiki ba: akwai ruwa a tiyo, ruwa na gangarowa a jikin sanda, hannunka jiƙe, ƙasan da kake tsaye jiƙe. A garuruwanmu layin 11kV da 33kV a sama yake bi, a bakin titi, wani wurin dab da katangar gini, kuma wayar tsirara ce ba rufi. Irin wannan wutar ba sai ka taɓa ba, in ka matso sosai tana tsallakowa. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada wani abu ya kusanci irin wannan layin ƙasa da mita 3. Ni kuma ina ƙara tawa: ka tsaya inda za ka yi aikin, ka tambayi kanka, in iska ta kwace sandar nan daga hannuna ta faɗi, za ta kai ga wayar? In amsar eh ce, kada ka buɗe ta a wurin. Abban Sadiq, don Allah kafin ka biya ko kwabo ka je ka zagaya ginin ta kowace fuska, kanka a sama.

Baba Mai Tsani: Allah ya yi maka albarka Injiniya. Wannan ita ce maganar.

Nura Manchester: Ya yi gaskiya, kuma laifina ne da ban fara da ita ba. Akwai sandunan da ake yi wa gaɓar ƙasa da faiba don kariya, amma kada kowa ya dogara da wannan a gaban babbar waya.

Injiniya Sani: Ko kusa. Wannan don ƙaramin kuskure aka yi shi, ba lasisin matsawa kusa da layi ba ne.

Shafi'u Zariya: Manya ina da tambaya, ni sabon shiga ne. Na ga wata a intanet daga Caina an rubuta kabon ɗari bisa ɗari, kuɗinta bai kai rabin na Turai ba. Me zai hana a saye ta?

Maman Ilham: Ƙanena, tawa ma daga Caina ta zo, ta hannun wani mai kawo kaya daga Guangzhou, kuma tana aiki. Akwai masu kyau a can. Matsalar ita ce ba ka sanin wacce aka turo maka sai ta iso. Kafin wannan na sayi wata a wurin wani ɗan kasuwa, baƙa wuluk tana sheƙi, an ce kabon ce. Da muka buɗe ta gaba ɗaya sai ta rusuna kamar reshen zogale. Faiba ce aka yi wa baƙin launi, aka naɗe saman da zanen kabon. Araha ba ta ado. Yanzu kafin in biya sai an turo min bidiyon sandar a buɗe duka, an riƙe ta a kwance daga gindi, in ga iya rusunawar da kanta ya yi. Sai a ɗora ta a sikeli in ga nauyin da idona.

Injiniya Sani: In ta iso ma akwai gwaji mai sauƙi. Cire murfin gindin, ka sa bakin mitar masu gyaran wuta a wuri biyu a jikin yankakken bakin, inda ba fenti. Kabon zai nuna wuta na wucewa, faiba ba za ta nuna komai ba. Ba zai gaya maka kashi nawa ne kabon ba, amma zai tona wadda babu ko kaɗan.

Baba Mai Tsani: Ni abin da ke damuna da wannan tsari na buroshi shi ne ƙurarmu. Malam Nura yana ƙasar da ruwan sama ke wanke musu gini duk shekara. Mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Ka wanke gilashi da safe, da la'asar ka rubuta sunanka a jiki da yatsa. Ƙurar nan tana shiga tsakanin gaɓa da gaɓa, ta haɗu da ruwa ta zama kamar sanfefa. Kullum ka zuge ka mayar, tana cin jikin sandar. Ta alminiyom ɗina mai murɗawa ce, kuma murɗin ne ya fara mutuwa, ba sandar ba. Wata rana ina danna gilashi sai gaɓar sama ta sulale ta dawo ta datse min fatar tsakanin babban yatsa da manuni. To in ƙura ta yi wa ƙarfe haka, me za ta yi wa abin da ka zuba wa kuɗi masu yawa?

Nura Manchester: Baba, tana cin kabon ma, har ka ga baƙin gari a tafin hannunka. Maganinta kulawa ce. Ka goge kowace gaɓa da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka mayar da ita, kada ka ja tiyo a cikin yashi sannan ya shige cikin sanda, kuma lokaci-lokaci ka warware ta duka ka wanke ciki. Sannan a guji mai murɗawa, a nemi mai maɗauri irin na ɗagawa da dannawa, wanda yake da ƙaramin noti. In gaɓa ta ɗan cinye sai ka ƙara ɗaure notin ta kama.

Kuma ga abin da nake ganin shi ne ainihin araha: ka tambayi mai sayarwa ko yana sayar da gaɓa ɗaya ita kaɗai, da maɗauri shi kaɗai. Gaɓar sama siririya ita ke fara karyewa, ko a murfin mota ko iska ta kayar da sandar. In ba a samun canjinta, ranar da ta karye ka yi asarar sandar duka. Ka sayi maɗaurai biyu ko uku na ajiya tun a odar farko, ba su da nauyi.

Ɗan Yamai: Sannunku da aiki. Ni a Yamai nake yi, unguwar Filato. Ku ƙara da tsawonta in an rufe ta. Tawa a rufe ta kusa mita biyu, ba ta shiga but ɗin mota, a babur kuma fitina ce. Mai gaɓoɓi da yawa ta fi gajarta a rufe, amma maɗauranta sun fi yawa. Sai kuma bakin da ake ɗaura buroshi: zaren na Turai daban, na Amurka daban. Na sayi buroshi ya ƙi shiga, sai da na jira wata guda kafin abin haɗawa ya zo.

Abban Sadiq: Wallahi na ƙaru. Gobe da safe zan je ginin. Amma Oga Nura, ka ce ba sabulu ba waifa. To ta yaya gilashin yake bushewa ba tabo? Ni in na bar ruwa ya bushe da kansa fari-fari yake bari.

Nura Manchester: Nan ne kuɗin yake ɓoye, kuma masu tallan sanda ba sa faɗa. Farin da kake gani ba datti ba ne, gishirin da ke narke a cikin ruwan ne, in ruwa ya bushe shi ya zauna. Tsarin buroshi yana aiki ne kawai da ruwan da aka tace aka cire masa wannan gishirin. Akwai ƙaramar mita kamar biro, ana ce mata TDS, kana tsoma ta a kofi ta ba ka lamba. Muna so lambar ta zama sifili, ko dai ƙasa da 10. Ana kaiwa nan da injin RO, wato injin tace ruwa mai cire yawancin gishirin, sannan ruwan ya bi ta cikin tulun rezin, ƙananan ƙwayoyi masu tsotse ragowar gishirin, ya ƙarasa tsarkaka. Gwargwadon yawan gishirin ruwanka, gwargwadon saurin mutuwar rezin ɗin. In ka sayi sandar kabon mafi tsada a duniya ka zuba mata ruwan bohol kai tsaye, mai ginin zai kira ka da rana ya nuna maka tabo.

Maman Ilham: Shi ya sa nake cewa kada a zuba kuɗin duka a sanda. Mitar ita ce abu na farko da za ka saya, ba ta da tsada. Ni ban sayi injin RO ba. Na yi magana da wani mai gidan fiya wata da yake tacewa da RO, nake sayen ruwa a jarka daga bakin injin, in gwada da mitata a gabansa, sannan in bi da shi ta ƙaramin tulun rezin. Ba duk masu fiya wata ke da RO ba, don haka kada ka yarda da baki, ka tsoma mita. Da damina kuma muna tarar ruwan sama, bayan na farko ya wanke rufi, lambarsa ƙasa take sosai.

Baba Mai Tsani: Kuma a fara da sassafe. Gilashin da rana ta gasa, musamman mai duhun nan, ruwa na taɓa shi yake bushewa kafin dattin ya gangaro. Ka bi inuwa: fuskar yamma da safe, fuskar gabas da yamma.

Shafi'u Zariya: Hajiya famfon fa? Dole sai an sayi na musamman?

Maman Ilham: Ƙaramin famfo mai aiki da batir 12V muke amfani da shi, a kan amalanke tare da jarka. Na ga wanda ya fara da tankin feshin gona mai batir, sabo wanda ba a taɓa zuba masa magani ba, ya haɗa masa tiyo. Yana kai ruwa hawa na biyu lafiya, na uku ne ban gani da idona ba.

Abban Sadiq: Jama'a na dawo daga ginin. Na hau rufi na sako igiya da dutse a bakinta, na auna: daga saman tagar ƙarshe zuwa ƙasa mita 9 da ɗan ɗoriya. Na ari mitar TDS wurin wani mai gyaran injin ruwa, ruwan bohol ɗinsu ya nuna 180. Injiniya, Allah ya saka maka da alheri. Fuskar da ke kallon titi akwai wayoyi uku a kan doguwar fal, taku biyar na ƙirga daga bango. Shekara nawa ina wuce wurin ban taɓa ɗaga kai na lura ba. Na yi wa manajan bayani, da farko ya ɓata rai, ya ce ai fuskar titin ita ce mutane ke gani. Na ce masa tagogin masu zugewa ne, za mu cire su daga ciki mu wanke mu mayar, zai ɗauki lokaci amma ba wanda zai ɗaga sanda a wannan gefen. Ya yarda, har ya ce a ƙara kuɗin wannan ɓangaren.

Injiniya Sani: Alhamdu lillahi. Ka gaya wa yaran ma, ka nuna musu wayar da hannunka. Ranar da ba ka nan ita nake ji.

Nura Manchester: Mita 9 da ɗoriya, to mai ƙafa 30 kake buƙata, wato mita 9.1. Tsayinka zai ƙara maka mita ɗaya da wani abu, ja da bayan da za ka yi daga bango zai cinye kaɗan, za ta kai. Kada ka ɗauki mai ƙafa 25 don ragi, za ka ƙare kana ɗage da hannu sama da kai, nan ne wuya da kafaɗa ke lalacewa. A wannan tsawon har yanzu ina kan bakana, kabon ta fi. Amma tunda awa kaɗan ce a wata, mai gauraye mai kyau za ta ɗauke ka, in buroshin mara nauyi ne.

Maman Ilham: Tawa ƙafa 30 ce daidai. Ka zo Garki ranar Asabar da safe muna da aiki, ka riƙe ta da hannunka a buɗe na rabin awa kafin ka tura wa kowa kuɗi. In ta yi maka, wata mai zuwa zan yi odar rezin da maɗaurai, sai mu haɗa kwali ɗaya mu raba kuɗin jirgi.

Abban Sadiq: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Zan zo da yaron, shi ma ya gwada, don shi ne zai fi riƙe ta. Ƙarfe nawa kuke farawa?

Maman Ilham: Shida da rabi. Ku zo da takalmin roba, ƙasan yana jiƙewa.